Ko Daidai Ne A Hori Gari Duka Saboda Laifin Kaɗan?

Duk wanda ya ke noman rani a ƙasar Kura da Bunkure da Kadawa ya san irin safiyar nan. Mutum ya kwana tumatirinsa ya soma ja, ya tashi da asuba ya tarar shanu sun bi ta ciki da dare, sun tattake kunya goma, sun cinye masarar maƙwabcinsa. Kafin hantsi mutane sun taru da sanduna. Ba wanda ya ga shanun, ba wanda ya san mai su. Amma akwai ruga a bayan gari, can kuwa a ke nufa. Ko kuma wani ya fasa gefen kanal da tsakar dare don ya sha ruwa ba a ranarsa ba, sai wani ya ce a rufe ƙofar ruwa ga layin duka har mai laifi ya fito. In ka yi magana, sai a ce maka ai wake ɗaya shi ke ɓata gari.

To, ko daidai ne a hori jama'a duka saboda laifin mutum ɗaya ko kaɗan daga cikinsu? Sa'ad da gonar tamu ce aka ɓata, zuciya ba ta barinmu mu yi tunani sosai. Saboda haka bari mu ɗauki wani al'amari da ya wuce shekara ɗari, wanda ba ya ta da mana jini yanzu, ko da ya ke ta ƙofar gidanmu ya bi.

Tun ba a gina madatsar Tiga ba, wadda aka gama a 1974, sunan Kura ya riga ya kai nesa, amma da baba ya kai, da karofi da mabuga. A nan a ke rina turkuɗi da rawanin nan mai ƙyalli da a ke kira ɗan Kura. Manyan masu sayensa kuwa su ne Abzinawa, watau Buzayen duwatsun Abzin da birnin Agadas. Su kan zo da ayarin raƙuma ɗauke da gishirin Bilma da dabino, su koma da hatsi da tufafi. Mutumin Abzin ba ya jin ya cika mutum sai ya rufe fuskarsa da baƙin da kakanninmu suka rina. Don haka waɗanda za mu yi zancensu abokan cinikinmu ne.

Bayan da Faransawa suka mallaki Agadas, suka riƙa karɓar raƙuman Abzinawa da ƙarfi don ɗaukar kayan soja. Raƙumi kuwa shi ne gonar Buzu, shi ne kuma rumbunsa. Sai ga fari da yunwa ta 1913 zuwa 1914, wadda tsofaffi su ke kira Kakalaba. Dabbobi suka mutu, amma haraji da karɓar raƙuma ba su tsaya ba, gama Yaƙin Duniya na Fari ya tashi a 1914, Faransa tana bukatar kome. A watan Disamba 1916 wani jarumi mai suna Kawusan, na ƙabilar Ikazkazan, wanda ya haɗa kai da 'yan Sanusiyya na ƙasar Libiya, ya iso Agadas da mayaƙa da igwa. Sarkin Agadas Tagama ya riga ya shirya da shi a ɓoye. Suka kewaye barikin Faransawa wajen kwana tamanin.

Ga inda abin ya taɓa ƙasarmu. Faransa ba ta da isassun sojoji a Damagaram, sai ta ɗebo sojojin Sanagal daga Dakar a jirgin ruwa zuwa Ikko. Daga nan Turawan Ingila suka sa su a jirgin ƙasa, wanda hanyarsa ta iso Kano tun 1911. Jirgin ya bi ta Madobi da Calawa, nan kusa da mu, daga Kano kuma suka taka zuwa Damagaram. Gwamna Lugga ya aika da nasa sojoji su ƙetare iyaka, waɗansu daga Kano zuwa Tasawa, waɗansu daga Sakkwato zuwa Madawa, don yana tsoron kada wutar ta kama Arewa. Ran 3 ga Maris 1917 rundunar Kanar Mourin ta shiga Agadas.

Wa suka tarar a ciki? Kawusan da Tagama da mayaƙansu sun riga sun hau raƙuma sun shige duwatsu. Waɗanda suka rage su ne tsofaffi da mata da 'yan kasuwa, da malamai waɗanda suka taru a masallaci suna neman amana. Su aka kama, aka kashe malaman nan da takobi. A Agadas da Ingal kaɗai an kashe kimanin mutum 130 a bainar jama'a. Bayan haka aka bi ƙasar Abzin ana ƙwace dabbobi, ana korar mutane zuwa kudu, har ƙasar ta kusa zama kango. Da yawa daga cikinsu suka gangaro ƙasar Kano da Katsina da Sakkwato. Shi Kawusan hannun Faransawa bai taɓa shi ba, sai a 1919 waɗansu abokan gāba suka rataye shi a wajen Murzuk, cikin Fazzan. Tagama kuwa aka kama shi daga baya, aka kashe shi a kurkuku a 1920.

Ku riƙe wannan da kyau, domin shi ne gindin maganarmu. Wanda ya san ya yi laifi ya kan shirya gudu tun kafin ya yi. Wanda a ke tararwa a gida da safe, yawanci shi ne wanda bai ga dalilin gudu ba, ko wanda ba shi da ƙafar gudu. Saboda haka hukuncin da a ke cewa na gari duka ne, ba ya sauka a kan garin duka. Ya kan tsallake masu laifi ya faɗa a kan waɗanda suka tsaya.

Kada wani ya ce halin Faransawa ne kaɗai. A cikin shekarun nan, can gabas mai nisa, Turawan Ingila suna cikin irin wannan aiki a Farisa, ƙasar da mu ke karanta labarinta cikin littattafan Esta da Nehemiya da Daniyel, wadda a ke kira Iran yanzu. Farisa ba ta ƙarƙashin kowa, tana da sarkinta a Tahran, ta kuwa sanar a 1914 cewa ba ta cikin yaƙin. Amma tun 1907 Ingila da Rasha sun yi yarjejeniya sun raba ta a takarda, Rasha ta ɗauki arewa, Ingila ta ɗauki kudu maso gabas. Ga kuma man fetur na Abadan, wanda jiragen yaƙin Ingila suka soma dogara gare shi. Wani Bajamushe mai suna Wassmuss, wanda ya taɓa zama wakilin ƙasarsa a garin Bushar na bakin teku, ya shiga cikin ƙabilun duwatsu yana zuga su. Ba su kuwa bukaci zuga mai yawa ba, gama sun daɗe suna jin haushin baƙi masu ba da umurni a ƙasarsu.

A watan Yuli 1915 mutanen Tangistan suka kashe hafsoshin Ingila biyu kusa da Bushar. A watan Agusta Ingila ta mamaye Bushar, ta aika da jiragen yaƙi zuwa ƙauyen Dilwar, garin jagoransu Ra'is Ali. Aka yi faɗa, aka rushe ƙauyen, aka sassare itatuwan dabino. Mu manoma mun san abin da wannan ke nufi. Mayaƙi ya hau dutse da bindigarsa, amma dabino ba ya gudu, shekaru kuwa ya ke yi kafin ya ba da 'ya'ya. Wanda aka hora shi ne yaron da za ya ci dabinon nan bayan shekara biyar. Faɗan bai tsaya ba. An kashe Ra'is Ali a farkon Satumba, bayan 'yan kwanaki kuma ƙabilun suka sāke auka wa Bushar. Har yau mutanen Iran suna girmama sunansa.

A 1916 aka aiko Janar Sykes ya kafa runduna a kudancin Farisa, sojojin Farisawa ne, hafsoshi Turawa, da sojojin Indiya suna mara musu baya. Aikinta shi ne ta tsare hanyoyi ta kuma ladabtar da ƙabilu. A watan Mayu 1918 babbar ƙabilar makiyaya ta Kashkai, ƙarƙashin shugabanta Saulatud Daula, ta ɗaura yaƙi, har ta kewaye birnin Shiraz. A Khan-i-Zinyan da Abade sojojin Farisawa na rundunar suka juya bindiga kan hafsoshinsu. A takardun Turawa sunan wannan cin amana. Amma mutum ya tambayi kansa, amanar wa? An ɗauki talaka da albashi a lokacin yunwa, an ce ya harbi mutanen ƙasarsa da umurnin baƙo, a ƙasar da ba ta shiga yaƙi ba. Yunwar ma ba ƙarama ba ce. Daga 1917 zuwa 1919 fari da ɓoyon hatsi da cin rundunonin Rasha da Turkiyya da Ingila, da annobar mura ta 1918, suka kashe mutane jingim. Waɗansu masu tarihi sun ƙiyasta miliyan biyu, waɗansu sun ce ya fi haka. A 1921 aka rushe rundunar.

Yanzu bari mu ba kwamandan bakinsa, gama ba daidai ba ne mu yanke masa shari'a ba mu ji shi ba. Za ya ce: "Mutanena kaɗan ne, ƙasar tana da fāɗi, ana yaƙi. Ban san harshensu ba, ban san fuskokinsu ba, in na tambaya ba mai faɗa mini. Su suka ba mayaƙan abinci da ruwa, su suka ɓoye su. In na buga sau ɗaya da ƙarfi, sauran garuruwa za su ji tsoro, jinin da za a zubar gaba ya ragu." Zai iya ma kawo misali daga ƙasarmu. Ran 1 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland, a kan hanyarsa daga Zariya, ya fasa ƙofar Bebeji da igwa, aka kashe sarkin garin da waɗansu mutanensa. Garuruwan da ke gaba ba su yi faɗa ba, ran 3 ga wata kuma aka ci Kano. Za ya ƙara da cewa su mayaƙan ma ba waliyyai ba ne. Gaskiya ne, mutanen Kawusan sun washe garuruwa sun kashe mutane, cikin ƙabilun Farisa kuma akwai masu tare ayari.

Maganar tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Amma ku dubi abin da ya ce da fari: bai san su ba. Rashin sanin nan na wane ne? Ba tsohuwar Agadas ce ta kira shi ƙasar da bai san harshenta ba. Shi ya zo, shi ya karɓi raƙuma har mutane suka ƙi shi, sa'an nan ya mai da jahilcinsa ya zama laifinsu. Alƙalin da ya kāsa gane ɓarawo ba shi da ikon yanke hannun wanda ya ke kusa da shi don kada zaman shari'a ya tashi a banza.

Batun ba da abinci kuma, wanda ya taɓa zama a ƙauye ya san yadda a ke ba mai bindiga tuwo. Mutum ɗari masu makamai sun sauka a garinku, sun ce a kawo hatsi. Wa zai hana? Gobe kuma wata runduna ta zo ta ce don me kuka ba su. Talaka ya shiga tsakanin guduma da uwar maƙera, kowanne ya buga shi ya ke samu. Lalle akwai waɗanda suka ba da hatsin da son rai, amma raba su da sauran shi ne aikin shari'a, shi ne kuma aikin da kwamandan ya ƙi yi.

Saura maganar tsoro. I, tsoro ya kan buɗe ƙofa, ya buɗe bayan Bebeji. Amma shekara uku kaɗai bayan haka, a Fabrairu 1906, talakawan Satiru kusa da Sakkwato suka tashi da gatura da fartanya, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin. Ran 10 ga Maris aka shafe garin, aka kashe kimanin mutum 2,000. Duk da haka, bayan shekara goma sha ɗaya Gwamna Lugga yana kwana da fargaba saboda labarin Agadas. Ashe shi kansa bai amince da shirun da bindiga ta kawo ba. Ko da ma a ce dabarar tana ci kullum, sai mu tambaya: wa ya ba ka ran malamin nan har ka mai da shi takardar gargaɗi ga wani gari? In an kashe mutum don laifinsa, wannan hukunci ne. In an kashe shi don waɗansu su gani su ji tsoro, an mai da shi kamar mushen hankaka da a ke ratayewa a gona.

Watakila wani dattijo za ya ce, "Amma ai a al'adarmu dangi su kan ɗauki nauyin ɗansu. In yaro ya yi ɓarna, uba ke biya. In an yi kisa da kuskure, dangi ke haɗa diyya." Haka ne, Baba, al'ada ce mai kyau kuwa. Amma ku lura da yadda ta ke tafiya. Da fari an san wanda ya yi, an tabbatar a gaban mutane. Abin da a ke nema kuma biya ne, a mayar wa wanda aka cuta abin da ya rasa, da awo, ba a ɗora masa ƙari. Masu biyan kuwa nasa ne, suna da iko a kansa, za su iya tsawata masa gobe. Ba a taɓa jin dangin wanda aka kashe sun ce tun da ba mu sami mai kisan ba, bari mu ƙone rumbun wani mai irin harshensa, a kira wannan diyya. In an ci mutum tara bisa kuskure ana iya mayar masa da kuɗinsa. Wanda aka sare wa dabino, ko aka kashe wa uba, me za a mayar masa?

Su Turawan sun san wannan sarai. A taron Heg na 1907 ƙasashensu sun sa hannu cewa ba za a ɗora wa jama'ar ƙasar da aka mamaye hukunci na gaba ɗaya ba saboda aikin waɗansu da ba su da hannu a ciki. Amma a 1915 gwamnatin Nijeriya ta kafa doka wadda ta ba Gwamna iko ya ci gari ko ƙabila tara dukansu. Abin da aka hana a yi wa Bature a ƙasar Turai, an halatta a yi wa baƙar fata. Bayan Yaƙi na Biyu ne, a yarjejeniyar Janiba ta 1949, aka ƙarfafa hanin. Mu masu karatun Littafi ba mu jira Janiba ba. A fadar Farisa ɗin nan, cikin Shushan, Haman ya ji haushin mutum ɗaya, Mordekai, ya ga horon mutum ɗaya bai ishe shi ba, ya nemi a hallaka kabilarsa duka. Yaranmu na makarantar Lahadi ma sun san wane ne mugu a labarin.

Da ma a ce abin ya tafi tare da Turawa. A Nuwamba 1999 waɗansu 'yan ta'adda suka kashe 'yan sanda goma sha biyu a Odi, cikin Jihar Bayelsa, sojojin ƙasarmu suka rushe garin. A Oktoba 2001 aka kashe sojoji goma sha tara a ƙasar Tibi, sojoji suka auka wa Zaki Biyam da ƙauyukan kewaye, suka kashe fararen hula masu yawa. A wurare biyun nan kotunan tarayya sun yanke daga baya cewa gwamnati ta biya diyya. Jinin 'yan sandan da na sojojin yana da hakki, iyalansu sun cancanci a kamo waɗanda suka kashe su. Ƙone garin bai kamo su ba.

Mu kanmu fa? Mun fi kowa sanin zafin wannan abu, gama mu da mu ke 'yan kaɗan a tsakiyar jama'a mun sha ganin ranar da wani ya yi abu a wani gari mai nisa, a zo a nemi fansa a kan wanda bai ma ji labarin ba. In mun ƙi shi ran da ya sauka a kanmu, da wane baki za mu yarda da shi ran da sanda ta ke hannunmu? Makiyayin da ya sa shanu cikin tumatir da dare bai kwana nan ba. Sau da yawa mai wucewa ne, kafin gari ya waye ya yi nisa. Rugar da ke bayan gari, wadda matanta ke kawo mana nono kowace safiya, ta kwana a wurinta domin ba ta san an yi kome ba. Haka kuma a layin ruwa, wanda ya fasa kanal ya riga ya shayar da gonarsa har ta ƙoshi, zai iya jimre mako guda ba ruwa. Wanda shukarsa za ta ƙone shi ne na ƙarshen layi, wanda ya jira ranarsa.

Akwai wata hanya, iyayenmu sun san ta. A hana samari tashi, a kira mai unguwa da dagaci, a kira arɗo. A bi sawun shanun tun raɓa ba ta bushe ba, a ga ta inda suka shigo da inda suka nufa. A sa dattawa daga ɓangarorin biyu su auna ɓarna tun tana sabuwa. In sawu ya kai rugar nan, arɗo ya fito da yaronsa, danginsa su biya. In ya wuce ta, a roƙi arɗo ya taimaka, gama ya fi mu sanin wanda ya ratsa da garke a daren. Amma wa zai taimake ka neman ɓarawo bayan ka ƙone masa bukka?

Ba za mu ɓoye muku ba, hanyar nan tana da tsada. Ta kan ci kwana uku ko huɗu, tumatir kuwa ba ya jira. Wanda aka yi wa ɓarna ya ci bashin taki da na iri, za ya yi ta zagin dagaci a cikin kwanakin nan, ya ce an saye shi. Wani lokaci ma sawu ya kan ɓace a kan kwalta, ba a sami mai shanun ba har abada, mai gona ya koma gida hannu wofi, sai abin da maƙwabta da 'yan'uwa suka tara masa.